Fursunan 'Yar'azumi

Abin da aka ɗaure ƙafar Haladu da shi ba igiya ba ce ma, yagaggen bakin zane ne, amma ya riƙe shi tamau. Ɗaya bakin yana jikin turmi. Ya ja, ya ciza, ya yi birgima a ƙasa, turmi ko gezau.

A shekarar nan ɗauke mutum ba abin mamaki ba ne a ƙasar Haɗeja. Bature yana neman masu aikin hanyar jirgi, dogarai suna bin ƙauyuka, wanda ya fita da safe ba lalle ya dawo ba. Shi Haladu da rana tsaka aka yi masa nasa. Bala, mutumin da ya fi yarda da shi a duk mazan garin, shi ya sungume shi ya sa a kwalekwale. Suka ratsa fadamar Auyo da ambaliya ta shafe, ya sauke shi a wani tudu mai 'yan gidaje, ya juya abinsa. Ba wanda ya gaya masa laifinsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Larai. Duk duniya ba shi da kamarta, ita kaɗai ke gane damuwarsa tun bai buɗe baki ba. Amma ranar tana tsaye a ƙofar gida, yana kiranta da iyakar muryarsa, ta kau da kai. Da ma halinta ke nan. A gaban mutane sai ta yi kamar ba ta san shi ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba.

Mai tsaronsa a tudun wata tsohuwa ce, 'Yar'azumi, ido kamar na shaho, ga taurin kai. Ranar farko ta ɗura masa rubutu. Daga nan ta shiga ba shi kunu da romon tarwaɗa, yana tofarwa tana ƙarawa. In ya miƙa hagu ga kwano, ta mayar da ita ta jawo dama. Da hantsi ta zaunar da shi a tabarma ta dinga ɗaga masa kaya a gaban fuska.

"Wannan fa? Ludayi. Ce ludayi."

Ya juya mata ƙeya. Ta ɗauko kifi, ta ɗauko tsintsiya, ta nuna akuya. Ita ba ta gajiya, ba ta kuma fushi, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. In ya yi kuskure ya maimaita wata kalma, sai ta tafa ta yi guɗa har maƙwabta su leƙo, ka ce damisa ya kashe.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. Kullum sai ta kai shi bakin danga, ta nuna masa ruwan da ya kewaye tudun, ta tsuke fuska.

"Ruwa. A'a! Ruwa, a'a!"

In za ta juya baya, ko surfe ko wanki, sai ta ɗaure shi a turmi. Shi kuwa ya sani sarai ta cikin ruwan nan aka zo da shi, ta cikinsa kuma hanyar Larai take. Kewarta ta hana shi sakat. Ya rame, ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ba ya jin kunyar kowa ya gani.

Sannu ba ta hana zuwa. Wata safiya tsohuwa ta yi ɗaurin cikin gaggawa saboda akuya ta faɗa mata shanyar shinkafa. Haladu ya sa 'yan haƙoran da Allah ya ba shi, ya yi ta fama da ƙullin har ya saki. Ya miƙe. Ya dafa bango ya bi shi har zaure, ya haye dokin ƙofa da ƙyar, ya faɗi, ya tashi. Ba wanda ya gan shi.

Ga ruwa shimfiɗe har iyakar gani, jajawur, yana jan ciyayi da karan dawa. Can nesa wani kwalekwale yana tahowa. Mai tuƙi Bala ne. A gaba kuwa wata mace ce zaune da ƙwarya a cinya, ko cikin dubu Haladu zai gane wannan zaman.

Ya gangara. Laka ta kama masa ƙafa, ruwa ya taɓa idon sawu, ya hau ƙwauri. Taku kaɗan a gabansa gaɓar ta yanke, wurin da ko masunta sai da gora suke shiga.

Larai ta miƙe tsaye cikin jirgin, ƙwaryar ta kife a ruwa.

"Haladu! Haladu, tsaya!"

Bai taɓa jin sunansa a wannan murya ba. Ya tsaya cak. Ya dubi Larai, ya dubi abin da ke lasar gwiwarsa, sai bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ruwa," ya ce. "A'a."

Ya ja da baya ya zauna daɓas cikin laka. 'Yar'azumi ta iso a guje, zani a hannu, ta fizge shi da hannu ɗaya ta rungume. Sai da jirgi ya tsaya, ta ga Larai ta rufe fuska tana kuka, sannan dariya ta zo mata.

"To, mai kunyar ɗan fari, yau kin kira sunan a gaban surukarki," ta ce. "Bala, karɓi ɗanka ka miƙa wa uwarsa. Jikana ya yayu, har ya fara magana."