Goran Nonon Goggo

Tun Turawa ba su tafi ba, ina 'yar shekara goma sha ɗaya a rugarmu kusa da Falgore, hannuwana suka fara rawa. Kullum sai na ɓarar da ƙwarya, har aka hana ni taɓa nono.

Wata la'asar, Goggo, ƙanwar babana, ta same ni ina kuka a bayan bukka. Ta ɗora mini goran nono a cinya, ta ce, "Girgiza, 'yata. Wannan aikin, hannu mai rawa yake so."

Na yi ta girgizawa har man shanu ya taru.

Daga baya likita a Kano ya ce ciwon gado ne, tagulla ce ke taruwa a hanta, ya ɗora ni kan magani. Allah ya jiƙan Goggo, ita ta fara mayar da ni cikin mutane.