Filin Juya Mota

Ka ce in ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika, me zai sa a hana manhajoji ɗan gurbin da aka keɓe, a bar wa mai aikin share wuri, wato tsarin da ke goge tarkacen ƙwaƙwalwar, shi kaɗai? To saurara, Injiniya.

An yi wani mai kula da tashar manyan motoci a kasuwar gwari, tasha mai ƙofa ɗaya. A tsakiyarta akwai wani fili da ba ya barin kowa ya ajiye mota, don nan ne wadda ta gama lodi take ja da baya ta juya ta fita. Wata ranar kasuwa tumatir ya yi yawa, tasha ta cika maƙil. Wani babban dillali da motarsa ta maƙale a waje, rana na gasa masa kwanduna, ya leƙo ya ga filin, ya ce a buɗe masa. Mai tasha ya ƙi. Dillali ya kirawo shugabannin kasuwa, suka ce wa mai tasha ko ya ba da wuri ko ya bar aiki. Da aikin nan kuwa yake ciyar da iyali. Amma ya taka tsakiyar filin ya zauna dirshan a ƙasa, ya ce, "Alhaji, ku kore ni da yamma. Yanzu kam sai dai tayarka ta bi ta kaina." Yana nan zaune ana zaginsa har motar ƙurya ta gama lodi. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya yi wa direba hannu. Ta juya ta fice, wata ta bi ta, wuri ya samu, motar dillali ta shiga.

Da yamma shugabannin kasuwa suka sallami mai tasha, wai ya raina manya. Kasuwa ta zagayo, wanda suka naɗa ya ba da filin tun da hantsi. Motoci suka cushe, ta ciki ba ta fita, ta waje ba ta shiga, har ruwan tumatir ya riƙa tsiyaya ƙarƙashin motoci. Shugabannin suka bi tsohon mai tasha gida suna ba shi haƙuri. Ya ce zai koma, amma ko motar ubansa ce ba za ta tsaya a filin nan ba.

Mai share wuri a kwamfuta ma sai ya sami inda zai sa ƙafa. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.