Abu Salama a Tekun Jidda

Ina ɗan shekara bakwai Baba ya ɗauke ni daga unguwarmu ta Misfala zuwa Jidda in ga teku. Na shiga ruwa har ya kawo min ƙirji, sai wani baƙin fiffike ya tsaga ruwan ya nufo ni.

"Kada ka motsa," in ji Baba. Ya shigo ruwan sanye da rigarsa, ya tsaya a gabana.

Dabbar ta ɗago, ruwan toka, mai dogon baki, ta huro iska mai ƙarni ta wani rami a kanta.

"Abu Salama ne, ya hajji," in ji wani masunci, yana faɗin sunan dabbar. "Ƙananan kifi yake bi, ba mutane ba."

Sai bayan rasuwar Baba Inna ta faɗa min bai iya iyo ba.