Doguwar Malama da Keken da Ya Gagari Maza

Kin zo mini da kukan wai duk abin da aka ƙera a duniya ba a ƙera shi daidai ke ba, ko ɓarin goro ba ki riƙo mini ba, alhali daga nesa mutane ke tahowa jin bakina. Ba komai, na saba da zalunci. Gyara zama ki ji.

An yi wata malamar asibiti, doguwa ta gasken gaske, irin wadda ba ta shiga zaure sai ta sunkuya. Aka tura ta aiki wani ƙaramin asibitin ƙauye can bayan fadama, ita kuwa gidansu a cikin gari. Kuɗin acaba ya riƙa lashe albashin tun wata bai yi nisa ba. Ta koma tafiyar ƙasa, sai ta isa rana ta take, masu awon ciki sun gaji da jira sun watse. Shugaban asibitin ya kira ta ya ce in ta ƙara makara zai nemi a ba wata gurbinta. Sai ta ƙudura sayen keke mai sauƙin kuɗi, wanda za ta zauna a kai a miƙe, da kariya a baya ta ɗaure jakarta. Ranar kasuwa ta nufi layin masu keke. To, kin san al'adar wurin: namiji in zai saya hawa yake yi, ya zaga rumfuna, ya matsa birki, ya dawo ya kushe don a rage masa. Mace kuwa, wa zai ga ta ɗaga ƙafa a tsakiyar maza? Kunya ta hana ta. Dillali ya jawo wani ɗan ja mai sheƙi da kwando a gaba, ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Hajiya, ai wannan shi ne keken mata, gidan da ya shiga sai an yi guɗa." Ta shafa sirdi, ta biya, ta tura abinta har gida. Da sassafe ta hau. Ina! Feda na tasowa, gwiwa na dukan kan keke. Ta ɗaga sirdi har ƙarfen ya ƙare, sai ta koma a duƙe kamar mai roron gyaɗa. Kafin ta kai fadama baya ya riƙe, gwiwa ta kumbura, awakin hanya ma sai da suka bar kiwo suka tsaya kallo. Kuɗi sun tafi, aiki na shirin bin su.

A bakin hanyar, gindin wata darbejiya, akwai mai gyaran keke. Ta tsaya ko zai ƙara mata tsawon ƙarfen sirdi. Ya girgiza kai ya ce in ya ƙara, ranar da ta faɗa rami karyewa zai yi. Tana tsaye zuciya ta yi baƙi, sai idonta ya kai bayan rumfa, ga wani tsohon baƙin keke a jingine, ƙato kamar raƙumi, kaji sun mai da kariyarsa wurin kwana. Na wani dogon mai tallan kananzir ne, da ya samu babur sai ya bar shi a nan a sayar. Damina ta wuce a kansa, wata ta zo ta wuce. Duk namijin da ya hau sai yatsunsa su kasa kai feda, ya sauko yana kakkaɓe riga yana cewa ƙarfen ba shi da kyau, don ba mai yarda ya ce shi ne gajere. Ni ma na taɓa gwada irinsa, kuma har gobe ina nan a kan bakana, laifin keken ne. Malama ta dubi gabas ta dubi yamma, ta tuna abin da kunya ta jawo mata a kasuwa, ta tattare riga bisa wandonta ta haye. Sai ga baya ya miƙe, ƙafa ta sake, hannu ya sauka a kan keken kamar an auna. Ta zaga bishiyar ta dawo, amma ba ta bari fara'a ta fito ba. Ta yatsine fuska ta ce, "Malam, wannan tarkacen fa?" Shi kuwa idonsa na kan ɗan jan, wanda ya san ba zai kwana a rumfarsa ba. Ya ce, "Don Allah da mutunci, bar mini naki ki ɗauke shi, in ƙara miki da sabuwar taya." Aka yi musaya da gaggawa, kowa na tsoron kada ɗaya ya farga. Ta kai wa mai walda ya yanke sandar tsakiya ya liƙa ta ƙasa don riga ta samu hanya. Mai gyara ya yini yana dariya ya cuci malama, malama ta yini tana dariya ta cuci mai gyara.

Tun daga ranar, mai gadi bai gama sharar ƙofar asibiti ba za a ji ƙararrawarta daga cikin dawa. Shugaban da ya ce zai ba wata gurbinta, yanzu shi ke zuwa ya tarar ta gama awo tana wanke hannu, ya gaishe ta ya wuce sumi-sumi. Tsawon da ya hana ta hawa keken kowa, shi ya ajiye mata wanda ba mai iya hawa sai ita. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowace ƙwarya da abokiyar burminta.