Wannan Karon Ya Tashi

"Harsashinka ya ƙi tashi, Baba Moro," in ji Ɗanjuma, dillalinsa, yana wurga guda a kan tebur. "Ka kunyata yarana a unguwar Handsworth, can Birmingham."

Maganar ta soki Moro. Tun da aka rufe masana'antarsu a Gorton, cika harsasai a gareji ya zama sana'arsa, kuma bai taɓa tambayar wa za a harba ba. Da ya duba, sai ya ga bakin kwanson ne bai matsu ba. Ya tono wani tsohon ƙarfen matsi da ya daina amfani da shi, ya yi ta gyaransa har ya dace.

A kicin kuwa matarsa Alima na suyar masar sadaka. Ta ce ɗansu Saaka, direban tasi a Birmingham, ya tsallake rijiya da baya. Moro ya ɗauka hatsarin mota ne. Ya ci guda biyu, ya koma gareji ya cika wa Ɗanjuma sababbin harsasai.

Sati bai zagayo ba aka harbe Saaka.

A wurin makoki Alima ta riƙe masa riga tana kuka. "Ba mota ba ce, Baban Saaka. Bindiga aka ɗora masa wancan karon, ta ƙi tashi. Shi ya ce kada in tayar maka da hankali."

Ɗanjuma na cikin masu ta'aziyya. Ya durƙusa, ya kama hannun Moro.

"Allah ya ji ƙansa, Baba," ya raɗa masa. "Gyaranka ya yi. Wannan karon ya tashi."