Ɗiyar Maƙeri da Kunyar Ɗan Fari

Ka ce zuwa ajin yara aikin mata ne? Zauna ka ji, ɗana. Shekarun baya, lokacin da ƙafata ke da ƙwari, na riƙe wani ajin ƙananan yara a gindin tsamiya, na 'ya'yan talakawa zalla. Ba benci, ba allo, sai tabarma biyu da tukunyar kunu, amma wallahi har yau in na tuna waƙoƙinsu da safe sai ƙwalla ta cika min ido. Sharaɗina ɗaya ne: ranar Alhamis uwa da uba su zo su zauna da ɗansu. A cikin yaran akwai ɗiyar wani maƙeri, shekararta uku ba ta haɗa kalma biyu. 'Yar fari ce, ka kuwa san halinmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a zancensa, ko kallonsa sai a sace. Uban ya ce ba zai zauna cikin mata ba. Uwar kuma kunya ta hana ta, sai ta riƙa turo kaka, ita ko kakar gyangyaɗinta kawai take yi ta tashi.

Sai da na yi wata biyar ina sintiri gidansu kafin na zaunar da uwar da uban a tabarma ɗaya. Uban ya buɗe baki da alfahari, wai jinin maƙera ce, ana dukan ƙarfe a gefenta ko gezau ba ta yi. Uwar, kai a sunkuye, ta ce taurin kai ne da ita, in ka kira ta ta baya ba ta juyowa. Suna rufe baki suka dubi juna. Yarinya ba jaruma ba ce, ba kuma mai taurin kai ba, ji ne ba ta yi sosai. Kowannensu ya shekara riƙe da rabin labarin, a gida ɗaya, kunya ta hana su haɗawa. Washegari uban da kansa ya saɓa ta a kafaɗa har asibitin gari. Aka ceto kunnen dama. Na hagu kuwa likita ya ce da an zo bara. Ranar na ga maƙeri yana kuka kamar yaro, yana kiran sunanta a gaban kowa.

To ka ji. Ranar Alhamis ka ajiye aikinka ka bi matarka zuwa ajin yaran, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.