Na'urar da Ba Ta San Gaisuwa Ba

Tun da aka sallami ma'aikatan asibitin unguwarmu, na'ura ce ke ba da magani ta wata 'yar taga. Na kai 'yata Saudatu, mai ciwon maƙoƙo, irin wanda jiki ke yaƙi da kansa. Wuyanta ya kumbura, gashi na zuba, ana zafin bazara tana cikin rigar sanyi.

Na'urar ta ce, "Yaya jiki?"

Saudatu ta rusuna. "Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Madalla. An cire ki daga masu karɓar magani. Na gaba!"

Tagar ta rufe. Na dinga bugunta har hannuna ya yi tsami. "Gaisuwa ce, 'yar banza! Dubi wuyanta!"

Saudatu ta riƙo gefen mayafina, muryarta a dashe.

"Umma, ai ke kika ce haka ake amsawa."